Shanun Kawu Hamman da Bashin Kamfani

Kafin in lalace, shagon cajin waya nake da shi a bakin kasuwar shanu ta Mubi. Na ɗan taɓa boko, don haka duk wanda banki ya turo wa saƙo, ni yake kawo wa in karanta masa. Mutane sun yarda da ni. Wannan yardar na sayar, da arha ma kuwa.

Wani mai ƙaton agogo ya fara kawo caji. Yau ya bar min canji, gobe ya sa min kati. Daga baya ya ce yana da hannun jari a wani babban kamfanin abinci, in samo masa masu saye, la'adata tana nan. Na duba rahoton kamfanin a waya. Kuɗi a banki akwai, amma bashin da ke wuyansa ya shanye su, ribarsa ko ruwan bashin ba ta biya. Na gani, wallahi na gani.

Sai na riƙa nuna wa mutane kuɗin bankin da hotunan tireloli, in yi gum a kan bashin. Da abin ya yi daɗi, na koma karɓar kuɗi ina buga takardun bogi.

Kawu Hamman, yayan mahaifiyata, makiyayi ne a Sahuda. Ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Ɗana, motocin nan nasu ne, ko kiwo aka ba su?" Na ce, "Haba Kawu, nasu ne kaf!" Ya sayar da shanunsa duka, ya damƙa min kuɗin.

Kamfanin ya durƙushe, bankuna suka kwashe tirelolin, mai agogo ya yi layar zana. Takarduna suka tona min asiri. Na yi shekaru a gidan yari, na fito, na tuba.

Abin da ke ƙona min rai yanzu, samari ne ke tare ni: "Oga, wane kamfani ke tashe?" Kai jama'a! Ni kuke tambaya? Ba ku ji inda na fito ba? Daga kun ga bene da motoci sai jikinku ya hau rawa.

Ku saurara, don na gaji da maimaitawa. Ku haɗa duk bashin kamfani, ku cire kuɗin da yake da su a hannu. Abin da ya rage shi ne ainihin nauyin da ke kansa. Sannan ku duba ko ribarsa za ta iya ɗauka. Wanda ya ɓoye muku wannan, ɓarawo ne irina. Kada kuma canjin wani ya saye ku.

Na je Sahuda neman gafara. Na tarar da Kawu cikin garke, sai na ce, "Kawu, shanun sun yi kyau."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kiwo aka ba ni."