Ranar da Na Zauna a Kan Tukunyar Arfa

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ranar da na zauna a kan tukunya a tsakar gidanmu na unguwar Nakkasa, can ƙasa mai tsarki, ba za ta bar raina ba. Gidan an rushe shi tuni, ko wurin ba zan iya nunawa ba yanzu. Amma tukunyar tana nan.

Babbar tukunya ce ta dalma, sai ƙarti biyu ke ɗaga ta. Mahaifin yarana ne ya bar mana ita. Duk Hajji da ita muke dafa wa alhazai shinkafa a Arfa, kuma mai ba da aikin yana ɗaukarmu ne don mun zo da tukunyarmu. Abin da muka samu a kwanakin nan shi ke riƙe gidan har tsakiyar shekara. Ba tukunya, ba Arfa.

A shekarar, ɗana na fari ya ɗauko wata ɗabi'a. Da an yi la'asar sai abokansa biyu su zo, wani dogo da wani mai gemu, su shimfiɗa tabarma a tsakar gida su baje karta. Da ƙwallon dabino suka fara. Daga nan aka koma wanda aka ci ya sayi shayi. Ban ankara ba sai na daina ganin agogo a hannunsa, sannan fankar ɗakinsa ta yi ƙafa.

Ku da kuka san al'ada kun san ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa faɗa a gaban mutane. Tun haihuwarsa ban taɓa tsayawa da shi ido da ido ba. Na aika masa kawunsa, ya ce to. Na aika masa limamin masallacinmu, ya ce to. Washegari tabarma ta sake fitowa. Sai na ce da kaina, tunda baki ya gaza, bari ido ya yi aikinsa. Na riƙa zama a kan matakala da tiren shinkafa ina tsinta, ina kallonsu ta sama.

Ban taɓa shiga aji ba, amma ɗigon kati kowa na iya ƙirga shi. A hankali wasan ya buɗe mini. Abin da aka tara a tsakiya raba shi ake yi biyu, rabi na mai manyan katuna, rabi na mai ƙanana. Kati mai ɗigo ɗaya shi ne ɗan gata, don a sama babba ne, a ƙasa kuma ƙarami. Na lura dogon nan ba ya shiga sai hannunsa na iya cin gefe biyu, ko kuwa ya tabbata rabi nasa ne. In bai ga haka ba, ya zubar da katunan ya kama hira, ko a jikinsa. Shi kuwa nawa, kowane hannu sai ya shiga. Bakwai, takwas, tara, waɗanda ba su kai manya ba, ba su kuma yi ƙanƙantar da za su ci ƙasa ba, da su yake bin mutane. In ya yi sa'a ya ci rabi sai ya yi ta murna, bai san nasa ne aka maido masa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. In dogon ya riƙe ƙanana, mai gemu ya riƙe manya, sai su riƙa ƙari, wannan ya ƙara, wancan ya ƙara. Ba sa tsoron juna, kowa ya san rabinsa. To me za su raba? Na mutum na uku. Kuma na ukun nan ni na haife shi.

Ana saura 'yan kwanaki a hau Arfa, na wanke tukunyar na kife ta a rana. Suna cikin wasa sai na ga leɓen dogon na motsi. Haka yake yi in yana ƙirga ƙananan ɗigo. Mai gemu kuwa ya kife katunansa ya ɗauki kofin shayi, abin da ba ya yi sai manyan katuna masu hoto sun cika masa hannu. Suka fara ƙari. Nawa ya laluba aljihu, babu komai. Ya waiga, idonsa ya sauka a kan tukunya.

“Na sa ta,” in ji shi.

Mai gemu ya ce, “Tayyib, magana ta zauna.”

Ban san sadda na ajiye tire ba. Na sauko, na ratsa ta gefen tabarmar, na hau gindin tukunyar na zauna. Rana ta gasa ta, zafin har ƙashina, amma ban motsa ba.

Dogon ya yi dariya. “Ya Hajja, lafiya? Ko a kawo miki kujera?”

Na ce, “Wanda ya ci, ya ɗauke ta har da ni. Ina da ci, ina da faɗa, ga ciwon gwiwa. Ku shirya.”

Nawa ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, don Allah ki koma sama, zancen maza ne.”

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Na dube shi tsakar ido, na kira sunansa a gaban mutane.

Na ce, “Kada kowa ya buɗe. Wannan dogon ƙanana ne a hannunsa. Wancan masu hoto ne. Kai kuma abin da ke naka ba ya sama, ba ya ƙasa. In ƙarya nake, ni da kaina zan kama kunnen tukunyar in taya su fita da ita.”

Mai gemu ya ce, “Haba Hajja, wasa ne fa, ba a buɗewa haka.”

“Buɗe,” in ji ɗana. Muryarsa ta sauya.

Suka buɗe. Dogon ga mai ɗigo ɗaya, ga biyu, ga uku. Mai gemu ga sarakuna jere. Nawa ya ajiye tara guda biyu da wasu tarkace. Ya daɗe yana kallon tabarmar, kamar yana neman agogonsa da fankarsa a cikinta.

Dogon ya so ya mayar da abin raha. “Wallahi Hajja, da za ki zauna da mu, da sai mun tafi gida ba takalmi.”

Na ce, “A garin da ake jin kiran sallar Harami? Allah ya kiyashe ni. Na koyi kartar ne kamar yadda ake koyon hanyar kunama, don a san inda za a sa ƙafa. Yalla, ku naɗe tabarmata.”

Suka fita ba sallama. Ɗana kuwa ya daina gaishe ni, ni ma ban neme shi ba. Ranar hawan Arfa na fito na tarar ya riga ya ɗora tukunyar a mota. Muna can, hayaƙi ya turnuƙe mu, yana juya shinkafa bai dube ni ba, sai ya ce, “Inna, yaya aka yi kika sani?”

Na ce, “Kai katunanka kake kallo. Ni mutane nake kallo.”

Daga ranar ban sake ganin karta a gidana ba. Ban kuma sake kiran sunansa ba, sau ɗayan nan ya isa.

Abin da na koya shi ne, duk inda mutum biyu ke ƙari ba sa tsoron juna, to duba da kyau, kai ne abin rabon. Wanda bai san lokacin zubar da kati ba bai iya wasa ba, wanda ya fi kowa iyawa kuwa shi ne wanda bai zauna ba tun farko. Kunya kuma ado ce, na yarda. Amma ranar da za ta cinye maka tukunya, ajiye ta ka hau ka zauna, ko da gindin da zafi.