Waƙar da Inna Ta Hana Mai Rikoda

Shekarar da na cika tara, ranar wata Laraba bayan an gama yankan gero, wani mutum ya shigo ƙauyenmu a kan babur, da akwatin rikoda ɗaure a baya. Farin yadi ne a jikinsa, da takalmi sau-ciki mai ƙyalli, yana tafiya yana tsallake kashin awaki kamar mai taka garwashi. Ya ce daga birni aka aiko shi ya ɗauki waƙoƙin matan karkara a adana su. Kowa ya nuna masa gidanmu, domin a duk yankin ba wadda ta kai Inna, mahaifiyata, iya waƙar niƙa.

Da waƙar nan muke tashi. Kafin rana ta fito Inna ta durƙusa gaban dutse ta zuba tsaba, ni ina gefe da faifai ina tare gari ina korar kaji. In ta tura ɗan dutsen gaba sai ɗango ya fito, in ta jawo shi sai amshi ya biyo. Ba ta bar kowa ba. Ta yi wa mai gari da ya kwashe fadama shi kaɗai, ta yi wa na'ibin liman mai horon mutane da haƙuri alhali maiƙo na bakinsa, ta yi wa babanmu da kan yi ciwon baya duk ranar noman farko. Al'adarmu ita ce, abin da aka faɗa a bakin dutse ba a kai ƙararsa, ba a kuma ramawa. "Ba ni na faɗa ba, dutse ne," in ji Inna.

To, mai farin yadi ya ƙi shiga gidanmu, wai warin dusa na hawar masa kai. Ya sa aka kai Inna ajin firamare, ta yi wanka ta ɗaura zanen salla, aka ɗora ta a kujera, hannuwa bisa cinya. Ya gargaɗe ta kada ta taɓa manya, kuma ta yi Hausa mai tsabta irin ta rediyo. Ya danna rikoda. Ina leƙe ta taga. Inna ta buɗe baki ta rufe, hannuwanta na motsi suna neman abin turawa. Har kaset ɗin ya yi nisa ba abin da ya shiga sai kukan jaki daga waje. Mutumin ya kashe, ya dubi hedimasta ya ce waɗannan ba komai a kansu sai hayaniya, ya hau babur. Washegari da asuba dutse ya yi magana: "Mai farin yadi, kana son tuwo kana ƙyamar dutse, je ka dafa takalminka." Har na yi aure ana rera ta a ƙauyuka uku, shi kuwa bai taɓa jin ta ba.

Abin da ya tono mini wannan, jikata Safiyya ce, wadda nake zaune da ita a Levenshulme, wata unguwa a birnin Manchester na Ingila. A jami'a tana karanta tsofaffin waƙoƙin mutanen Sikotilan, can arewacin tsibirin nan. Ta ce da yawansu da harshen manoma aka yi su, harshen da manyan Ingila suka daɗe suna kira gurɓataccen Turanci. Na tambaye ta me suke faɗa a ciki. Ta ce garma, da sanyi, da mai ƙasa azzalumi, da malamin coci munafuki, da soyayyar talaka, har ma mawaƙa biyu kan tsaya su yi ta zambon juna. Na ce ashe danginmu ne. Amma yanzu su wa ke riƙe da su? Mutanen da ba su taɓa kanta a tafi ba, suna zaune a ɗaki mai ɗumi suna auna kalmomi ɗaya-ɗaya. Ta ce har sukan ci ado sau ɗaya a shekara, su cika faranti, su karanta yunwar talaka suna tafi. Na gane su sarai, jikokin mai farin yadi ne. Ubanta ma, ɗana, likita a Birmingham, shi ya sai mata littattafan yana alfahari, amma in na je gidansa na ɗan rera waƙa a kicin alhali abokansa na falo, sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, a ɗan rage murya."

Rannan Safiyya ta jawo mini kujera, ta gyara mini mayafi, ta ajiye waya a gabana. "Kaka, one song kawai, don class ɗinmu." Ni kaɗai na rage da waƙar Inna, in na tafi ta tafi, na sani. Amma da na dubi hannuwana bisa cinya, sai na ce mata ta ɗauke wayarta, ta nemo dutse.

Kwana biyu tana yawo a Stockport Road, ta dawo da wani ɗan dutse na niƙa yaji daga shagon 'yan Pakistan, da gero a leda. Na sa ta durƙusa a daɓen kicin. Ta tura, gero ya watse, na ce sake. Ta yi ƙorafin gwiwa, na ce Inna shekara arba'in ta yi a haka. Sai da hannunta ya daidaita, dutse ya fara kukansa, sannan ɗangon farko ya zo mini da kansa. Rabi ya dawo, rabi ya bi Inna kabari. Safiyya ta amsa da harshenta na Manchester, tana karya kalmomin, ban gyara mata ko ɗaya ba. Malamanta ba su sami komai ba. Ita kuwa tana da bororo biyu a tafi, da rabin waƙa a baki.