Marfin Gorar Inna

Yau mai ajiye irin albasa tsohuwar robar fenti yake nema, ko ya ƙulle a leda. A Wurno ta ƙuruciyata a gora ake zubawa, a toshe bakinta da marfin da mata ke yi da hannu.

Inna, mahaifiyata, takan dama garin rogo a wuta har ya yi danƙo, ta tsefe zaren ramar da mutanen Rabah ke kawowa, ta cuɗa a ciki. Sai ta shafe bakin gorar hawa-hawa, ta shanya. Rogo zalla tsagewa yake idan ya bushe, ramar ce ke riƙe shi.

Shekarar da na sami gonar rani a ƙasan madatsar Goronyo, ta juye mini duk irinta, wanda ta gada wurin uwarta, a gora ta liƙe. Ko cokali ba ta rage ba. In ya zube, ya tafi ke nan.

Kawu, ƙanenta, shi zai raka ni. Ya ƙwanƙwasa marfin yana dariya.

"Yaya, tuwo kinka liƙa ma iri? Ga roba ta cika kasuwa."

"Riƙe min gora dai, sarkin surutu," in ji Inna. "Mi ka taɓa ajewa har ya kai shekara?"

A motar kasuwa aka ɗora gorar a baya, wurin awaki. Mun wuce Marnona kaɗan sai Kawu ya waiga ya yi salati.

"Direba, tsaya! Akuya na cin tuwon Yaya!"

Ta lashe, ta gwaguya, har rogon tsakiya ya ƙare. Amma zaren na nan a sarƙe kamar sheƙar tsuntsu. Ina hango baƙin irin ta ƙasansa, bai sami hanyar fita ba. Kawu ya rungume gorar har Goronyo, yana zagin akuyar da iyayenta.

Irin ya tsira. Ragowar marfin na yar a kunyar gona, gara ta cinye.

Bayan shekaru, tafiya ta kai ni wata ƙasar Asiya, aka zuba mini abinci a farantin da aka yi da garin rogo da zaren tsiro. Na tambayi sunansa da Turanci, na sake da Larabci, aka ba ni dogayen kalmomi. Na shinshina, na ji ƙamshin tukunyar Inna.

Jikokin albasarta na gonata har yau, amma a roba nake ajiye irin. Tun rasuwarta ba wanda ya sake dama rogo da rama a gidanmu.