Gwiwar Goggo Rabi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Goggo Rabi, ƙanwar mahaifina. Ta rasu a kan gadonta a unguwarmu Kalakla, kafin a harba harsashi na farko a Khartoum.

Gonakin audugar Jazira ne suka cinye mata gwiwoyi. Tun tana budurwa take durƙuso tana tsinkar auduga, har ta tsufa gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa. Ni na riƙa raka ta asibitin Soba wurin likitar gashin ƙashi, wata matashiya 'yar Omdurman. Ita ta koya mata motsa jiki: ta kwanta ta naɗe tawul ƙarƙashin gwiwa ta danna, ta ɗaga ƙafar a miƙe, ta zauna a kujera ta tashi ba dafa hannu. Da farko Goggo ta raina abin. Ta ce ita allura take so.

Wata rana muna dawowa sai muka tarar da motocin sojoji jere a bakin hanya, kowace da bindiga a bayanta. Goggo ta bi su da kallo har muka wuce. A lokacin ana yawan rufe gadoji, layin burodi kuma sai ƙara tsawo yake. Da muka isa gida ta nemi tawul.

"Goggo, ai yanzu kika yi a asibiti," na ce.

"'Yata, garin nan ba zai zauna lafiya ba. Ranar da za a fita, ba na so a ɗauke ni."

Daga nan ta fara tara tsofaffin unguwa bayan la'asar. Mai ciwon kafaɗa ta riƙa hawa bango da yatsu, mai ciwon dunduniya ta tsaya kan yatsun ƙafa ta sauko a hankali. Hajja Sakina, maƙwabciyarmu, ta zo sau biyu ta daina. Ta ce ciwon ya fi ƙarfinta, Allah na nan.

Zazzaɓi ne ya ɗauke Goggo, har lokacin tana iya zuwa kasuwa da ƙafarta. Bayan shekara guda yaƙi ya shigo. Da wuta ta iso unguwarmu, babu motar da ke shigowa, sai mutum ya taka zuwa babban titi. Tsofaffin Goggo sun taka. Hajja Sakina ta ce wa 'ya'yanta su kai yara tukuna su dawo mata. Hanya ta rufe bayansu. Da muka dawo bara, mun tarar da gadonta da sandarta. Har yau ba wanda ya san inda take.

Ina yawan tunanin abin da Goggo za ta ce in ta ga Kalakla yanzu. Mutane na dawowa, ana share gidaje, ana sa sabbin ƙofofi. Amma jirage marasa matuƙi ba su daina wucewa ba, kuma duk wanda ya ji ƙararsu sai ya yi shiru a tsakiyar magana.

Goggo ba ta bar wa kowa gida ba, ba ta bar zinariya ba. Ta bar tsofaffin da ke iya tashi ba dafa hannu. Jiya na leƙa Hajja Amina, ɗaya daga cikinsu, na tarar da ita tana ɗaga ƙafa a kan tabarma, ƙunshin kayanta a ɗaure kusa da ƙofa. Ba ta tambaye ni lafiyar yara ba. Ta tambaye ni ko hanyar kudu, ta fita daga gari, a buɗe take.