Ungulu Mai Laya

Cikin duk shekarun da na yi a aikin binciken namun daji, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Laraba a watan Janairun 1970, da na shiga mayankar bayan Zango, unguwarmu, na yi sallama ba mahaucin da ya amsa mini. Ku da kuka fara aiki yanzu kuna ganin wahalarsa ita ce kwana a daji da cizon sauro. Ni kuwa tsoron da ya fi girgiza ni a tsakiyar Kumasi na gamu da shi, taku kaɗan daga gidan da aka haife ni.

A lokacin ina ma'aikacin fili, wato wanda ke ƙarƙashin mai bincike. Ni ke kafa tarko, ni ke riƙe tsuntsu, ni ke ɗaukar sikeli, in an yi ɓarna kuma ni ake kira. Shugabana Mista Asare ne, mutumin Asante, dogo mai sanyin magana, wanda kullum cikin farar riga yake kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aikin da aka ba mu a kan ungulaye ne. Ana ta sare manyan itatuwan rimi a gari, kuma a kansu suke kwana suke ƙwai. Ana so a sani: ungulayen mayanka su ne dai na bolar Manhyia da kasuwar Oforikrom, ko kowane wuri da nasa? Ina suke kwana? Suna raguwa ko suna nan? Mista Asare yakan ce duk tumbi da hanjin da ungulu ta cinye da safe, da ƙudaje ne za su gaje shi da rana su kai wa yara cikin abinci. Ni da farko kunyar aikin nake ji. Uwata ma in an tambaye ta sai ta ce ɗanta yana aikin gwamnati, ta sauya magana.

Ba a sanin tafiyar tsuntsu sai an yi masa alama. Ka'ida ita ce a sa masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, in an sake ganinsa a wani wuri a san shi ne. Zobbanmu an ce suna cikin jirgin ruwa, muka jira har muka gaji. Sai Mista Asare ya ce mu yanka gwangwani mu buga lamba a kai, a sami mai aikin fata ya ɗinke shi cikin fata mai launi, a ɗaura a ƙafa yadda za a hango daga nesa. Na kai aikin wurin Baba Tanko, tsohon badukun unguwarmu, wanda ya ɗinka takalmin da na fara zuwa makaranta da shi. Na ce masa abu ne ƙarami za a rufe cikin fata kada ruwa ya taɓa shi, a yi masa igiya. Bai tambayi komai ba. Mutumin da ya tsufa yana rufe rubutun malamai cikin jar fata, in ka ce masa haka, abu ɗaya hannunsa ya sani. Da na je karɓa na tarar da layu, 'yan cif-cif masu kusurwa huɗu, har da ɗan adon da ake yi a gefe. Na yi dariya, Mista Asare ya juya su a hannu ya yaba kyan ɗinki. Muka ce wa zai tsaya duba ƙafar ungulu.

Kamun kuma a bolar bayan mayanka muke yinsa da sassafe, kafin jama'a su fito, don kada mu dami kowa. Ana shimfiɗa tumbi, a jera zargen igiya a kansa. In ta taka ta shiga, sai ka rufe mata kai da tsohuwar safa ta natsu, a auna nauyi, a auna fiffike, a ɗaura alama, a sake ta. Haka muka yi wa masu yawa tun watan azumi, ba wanda ya gan mu.

Amma sai ku tuna wane lokaci ne wannan. Dokar nan ta fito cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Zango ta zama kamar gidan makoki. Mutanen da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan aka binne su, suka ɗaure tabarmi da tukwane suka hau lori zuwa garuruwan da suna kawai suka sani. Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce ba kiɗa. Kowa na kallon kowa, mai kakin gwamnati kamar ni kuwa an fi kallonsa.

Babban mahaucin wannan mayanka Alhaji Mamman Dogo ne, abokin mahaifina, mutum mai faɗa da kyauta. Shi ya sami takarda, ƙaninsa Sule bai samu ba. Washegarin ranar da lori ta tafi da Sule da iyalinsa can arewa, Alhaji ya fito alwala ya ɗaga kai, sai ga ungulu zaune a kan kwanon ɗakin Sule, da jar laya a ƙafa. Kafin azahar labari ya gama Zango. Wasu suka ce asiri ne aka turo. Wasu suka ce ai gwamnati ce ke aiko su suna nuna gidajen da za a kwashe. Matan da ke kai wa Baba Tanko ɗinki suka gane hannunsa, suka daina zuwa rumfarsa.

Wannan Larabar da na ce muku, bayan an ƙi amsa sallamata, Alhaji ya yafito ni da wuƙar da ke hannunsa. A kan katakon sara akwai laya ɗaya da wani ya harbo ungulunta da gwafa. Na yi farin ciki, don a ganina da an farke an ga gwangwani ne magana ta ƙare. Na ce, “Baba, a buɗe mana, kowa ya gani.” Aka farke. Ga ɗan ƙarfe da lamba ashirin da uku. Sai wani daga baya ya ce ai ashirin da uku lambar gidan Malam Bawa ce, kuma mutanen gidan duk sun tafi makon jiya. Na rantse, na yi bayani, har muryata ta dishe. Ina da saurin fushi a wancan zamani, na ce musu wace gwamnati ce za ta bar 'yan sanda ta ɗauki ungulu aiki. Wannan magana ba ta taimake ni ba ko kaɗan.

Alhaji ya dube ni ya ce, “Isufu, babanka abokina ne, shi ya sa kake tsaye a nan. Ran Asabar za mu sa maganin feshin gonar koko cikin hanji mu zuba wa ungulayen nan. Ko ɗaya ba zai saura ba, sam.”

Na san maganin nan. Da an zuba, ba masu laya kaɗai za su ci ba. Duk ungulun da ke sauka a Kumasi sai ta faɗi, da karnuka, da shirwa, ga kwatar da ke bi ta bayan gidajen mutane. Aikinmu kuma ya mutu ke nan. Na hau tirotiro, motar haya, zuwa ofis.

Mista Asare ya saurare ni har na gama. Akawun ofis ya ce abu mai sauƙi ne, a kira tankas, wato masu duba tsabtar gari, su zo da ɗan sanda a hana. Na ce in ɗan sanda ya taka mayanka a wannan wata saboda ungulu, to an tabbatar musu da duk abin da suke tsoro. Mista Asare ya ce ba layar ce ta jawo mana ba, ɓoyon ne. Mun shiga bayan gidan mutane muna aiki da asuba kamar ɓarayi, ba mu gai da masu gida ba. Ya ce in shirya tarko da sikeli, Jumma'a da hantsi a tsakiyar mayanka za mu kama, a gaban kowa.

Na fara biyawa ta wurin Baba Tanko. Na same shi zaune ba aiki, ya rame a 'yan kwanakin nan. Na roƙe shi ya zo da fata da basilla. Ya ce shi da aka ce ya yi wa Zango asiri, me zai je yi cikin masu wuƙaƙe. Na ce in bai zo ba sunan nan zai bi shi har kabari. Ya yi tsaki, ya zage ni da iyayen gidana, ya ɗauki jakarsa.

Ran Jumma'a Mista Asare ya zo cikin farar rigarsa. Ya gai da Alhaji da Twi, yaren Asante, ya rusuna masa kamar yadda ake yi wa dattijo, ya ce ya zo neman gafara don ya yi aiki a bayan gidansa bai nemi izini ba. Alhaji bai ce ya yafe ba, amma bai kore mu ba. Na roƙi tumbi, wani ya jefo mini a ƙasa. Na kafa tarko, mahauta suka ja baya suka yi da'ira, masu sayar da waake, wato shinkafa da wake, da masu koko ma suka bar tukwanensu suka zo kallo. Ungulayen da kullum ke rububi, ran nan sai suka zauna a kan kwano suna kallonmu. Zufa ta jiƙe mini kaki. Can dai wata tsohuwa mai sanƙo ta sauko, ta yi tafiyarta ta gurgu-gurgu, ta taka zarge.

Na kama ta, Mista Asare ya matso da safa. Abin da ban gaya muku ba shi ne ungulu in ta tsorata amai take yi, kuma abin da ke cikin ungulu ba sai na kwatanta ba. Kafin ya rufe mata kai ta juye masa duk karin kumallonta a farar riga, tun daga wuya har bel. Mutumin nan bai sake ta ba. Ya tsaya ƙiƙam, ido na hawaye saboda wari, ya ce mini in karanta sikeli. Wani mahauci ya fara ƙyalƙyala, sai wuri ya barke da dariya, har da Alhaji da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Tun da lorin farko ta tashi ban ji an yi dariya haka a Zango ba. Wata mai koko ta ce in wannan ne asirin, ai kan mai shi ya koma.

Da dariya ta lafa, Alhaji ya matso ya tsuguna kusa da tsuntsuwar. Ya taɓa fiffikenta da yatsa. Ya tambayi Mista Asare amfanin lambar, aka gaya masa don a san inda take zuwa ne. Sai ya juyo gare ni ya rage murya.

“Isufu, abin nan yana kaiwa arewa? Can inda lori ya kai su Sule?”

Na so in ce masa e, don na ga abin da ke idonsa. Amma na ce, “Baba, ban sani ba. Ba wanda ya sani. Shi ya sa muke ɗaurawa.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Yoo. To a ɗaura. Amma ba mai ciki ba. A yi abin da kowa zai ga gabansa da bayansa.” Ya kira Baba Tanko da sunansa a gaban jama'a, ya ce ya yanko koriyar fata shimfiɗaɗɗiya. Baba Tanko ya huda lambar a jikin fatar da basilla. Alhaji da kansa ya ɗaura, ya yi bisimilla, ya cire safar. Ta yi tsalle biyu ta tashi ta bi ta kan masallaci. Ba a sake maganar maganin koko ba, kuma kafin Babbar Sallah rumfar Baba Tanko ta cika da masu ɗinkin kube.

Daga ranar muka sami ma'aikatan da ba mu ɗauka ba. Mahauta suka riƙa tare ni a hanya: an ga mai ja a Oforikrom, an ga mai rawaya a rimin bayan Manhyia tana ɗaukar kara. Ta bakinsu muka gano itatuwan da suke ƙwai, Mista Asare ya kai maganar gaba, aka bar wasu ba a sare ba. Koriyar kuwa, da suke kira ungulun Alhaji, ta ɓace. Alhaji ya yi ta tambayata labarinta har na fara kauce wa rumfarsa. Bayan Sallah wasu masu koro shanu suka ce sun gan ta wajen Ejura, inda garke ke yada zango. Ejura ba ta kai ko rabin rabin hanyar su Sule ba, amma dai arewa ce.

Abin da na koya, wanda nake so ku riƙe, shi ne duk dabbar da za ku bincika tana da maƙwabta, kuma sun riga ku saninta. Ku fara gai da su. Ku yi aikinku da rana a gabansu, ko da za a yi muku dariya, kuma abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba.

Da ruwan farko ya sauka, wata safiya Alhaji ya aiko a kira ni maza. Na zo a guje ina zaton wata fitinar ce. Na same shi tsaye a tsakar mayanka, wuƙa a hannu, ya ɗaga kai sama. Ga ta can a kan kwano, fatar ta koɗe amma koriya ce. Ya ce, “Ka gani? Ya je, ya dawo, ba wanda ya tambaye shi takarda.” A ran nan ya sallami mutumin da ke neman hayar ɗakin Sule, ya sa aka share ɗakin aka shimfiɗa sabuwar tabarma.