Na je ɗauko warin Iya

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanena. Abin da ya tashe mu, Umma ce. Ciwo ya kwantar da ita, ta daina cin komai, ko kunu sai an yi da gaske. Abu ɗaya take ambato, miyar mahaifiyarta da ke N'Djamena.

Kakar tamu Iya Wari muke ce mata. Mu jikoki muka laƙaba mata, saboda kawal, wato ganyen tafasa da take dakawa ta binne a tukunya har ya ruɓa, ta mulmula ta shanya. Warinsa sai ya kori baƙo, amma a miyar kuɓewa ba a magana. Ita kuwa ko a jikinta. In na tsokane ta sai ta ce, "Maigida, warin nan ne ya hana ka sake ni." Har ta kai a gidanmu in miya ta yi lami, cewa ake babu Iya a ciki.

Mun kwana Maiduguri. Daga nan zuwa Gamboru hanya ta ci mu: ramuka, laka, shinge bayan shinge, ga garuruwan da aka ƙone har yau wasu ba rufi. Ba mai hira a motar. A Kusiri ta Kamaru muka canza naira zuwa sefa, abin da aka miƙo mana ya sa ƙanena tambaya ko saura na zuwa.

Gadar Ngueli a ƙafa muka haye, cikin mata masu ɗauke da sukari da atamfa, babura na goga mana gwiwa. 'Yan kilando, wato 'yan acaɓansu, suka kai mu unguwar Gardole a N'Djamena. Garin akwai zafi, akwai tsada, sai dai jan shayinsu da gasasshen naman raƙumi ba laifi. Larabcinmu bai wuce gaisuwa ba, da Hausa muka yi ta tambaya har gidan Kawu, inda Iya take zaune.

Tun daga zaure gabana ya faɗi. Gidan ba ya wari.

Na daure na ɗaga murya, "Iya Wari, mijinki ya iso!" Kawu ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, shiga a hankali." Tana kwance a kan tabarma, ɓarin jikinta ya shanye tun kafin azumi, baki ya karkace. Ta gane ni, don hannun mai lafiyar ya damƙe rigata, amma magana babu. Wallahi na yi kuka kamar yaro.

Ashe sun ɓoye mana ne don kada Umma ta ji. Mu ma mun ɓoye musu nata ciwon don kada Iya ta ji. Ni da Kawu muka zauna muna kallon juna, an rasa mai yi wa wani faɗa.

Na leƙa bayan madafa inda take binne tukunyar. Ramin na nan, kaji sun mayar da shi wurin birgima. Matar Kawu ba ta taɓa koya ba, ta ce warin ke sa ta amai. Ita ta raka ni kasuwa muka sayo kawal, muka ƙulle a tsohon ɗankwalin Iya don ya yi kama da saƙonta.

Da muka dawo Kano yayata ta kaɗa miyar. Umma ta sa aka tashe ta zaune, ta ci loma, ta ƙara. Muka fara hamdala. Sai ta ture kwanon, ta jawo ɗankwalin ta shinshina.

Ta ce, "Wannan na kasuwa ne. Iya ba za ta aiko mini da na kasuwa ba in tana iya tashi. Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce a ɗauke abincin.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mun yi shekara da shekaru muna tsokanar tsohuwar nan da sunan, ba wanda ya taɓa tsugunawa kusa da ramin ya ga yadda take yi. Jiya ƙanwata ta ɗanɗana miya ta ce babu Iya a ciki. Ba wanda ya yi dariya.