Muryar Malam a talabijin

Jama'a, maigidana Malam ya kira ni, shekara uku da rasuwarsa! Surukata Rabi ke rubuta min.

Jiya bayan la'asar muna falo, ni da ita da autana Sani, da Alhaji Isa da ya zo sayen gonarmu ta Maska. Sani na haɗa kwamfutocin gidan da talabijin, wai kowa ya riƙa ganin hotuna da saƙonni. Sai ga Malam a talabijin, tsaye a cikin gonar, yana cewa: "Hajiya, zo ki ga dawar bana!"

Na ce, "Kai Sani, aikinka ne?"

Ya ce, "Wallahi Inna, tsohon bidiyo ne, da kansa ya buɗe."

Yau da sassafe na aika wa Alhaji Isa na fasa sayar da gonar, na hau babur sai Maska.